Awakina Sun Yi Ɓarna A Lambun Wan Mijina, Maigida Ya Ce A Sayar Da Su Duka

Wasiƙar wannan makon ta zo daga wata baiwar Allah da ke zaune a wani ƙauye a bakin Gulbin Rima, yamma da birnin Sakkwato, kuma ta roƙi a sakaya sunanta. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Gwaggo, shekarata 11 da aure, ina da yara 4. Ranar da aka kai ni ɗaki mahaifiyata ta ba ni jajayen awaki 2, yau sun zama 9, ban da waɗanda aka sayar don suna da magani. Akwai mata 5, ana tatsar 3 daga cikinsu, sai bunsuru 2 da 'yan ƙanana 2. Da nononsu nake dama wa yara kunu da fura. Maigidana masunci ne, kuma suna da lambu na tarayya shi da wansa a gangaren fadama bayan gidanmu. A watan Nuwamba ya tafi su wajen Goronyo, sai wani dare awakin suka ture danga suka shiga lambun, suka cinye latas da kabeji, suka tattake fangalin irin albasa. Yaya ya ce sai an biya shi kuɗin da ya kai na awaki 4. Maigida ya dawo bai samo wani abin kirki ba, ya ce a sayar da awakin gaba ɗaya, a biya Yaya, sauran kuma ya sayi injin ban-ruwa ya bar zuwa su. Inna, mahaifiyarsu, ta goyi bayansa. Na ce ban yarda ba, yau kwana 10 gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Shin na saɓa wa mijina ne? Ina tsoron aurena, ina kuma tsoron in wayi gari ba ni da ko ɗan akuya."

Ɗiyata, Allah Ya sanyaya. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma abin da na gani shi ne an ɗaure magana uku da igiya ɗaya, wato bashin ɓarna, da mallakar awaki, da sha'awar inji, shi ya sa duk wadda aka ja sai sauran su biyo ta. Muddin kina amsa su da kalma ɗaya, ko "na yarda" ko "ban yarda ba", za ki zalunci wani, ko dai kanki ko dai wan mijinki.

Zan fara da ɓangaren da ba zai yi miki daɗi ba. Ɓarnar nan a wuyanki take, domin da dare aka yi ta, kuma dabbobin naki ne. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu gonaki, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. Haka hukuncin yake a Risala da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato, kuma ko a Suratul Anbiya, aya ta 78, shari'ar da aka kai gaban Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana ta dabbobi ce da suka kutsa shuka cikin dare. Saboda haka idan wata maƙwabciya ta zo tana zuga ki cewa ai dabba ba ta da hankali, ko kuma ai danga ce ba ta da ƙwari, ki yi mata godiya ki raka ta bakin ƙofa. Wan mijinki ya sayi iri, ya yi makonni yana sunkuye da sanyin asuba yana ba fangali ruwa, ya wayi gari ya tarar da kututturen kabeji da sawun kofato. Yana da hakki, kuma duk abin da zan faɗa nan gaba ba zai yi aiki ba sai kin amsa wannan hakkin da bakinki kafin wani ya tilasta ki.

To, amma biyan hakki daban, biyan abin da mai fushi ya yanka daban. Malamanmu na Malikiyya sun ce ana ƙiyasta shukar da aka ɓata ne a kan halin da take ciki ranar ɓarnar, tsakanin fatan ta kai da tsoron kada ta kai, ba a kan buhunan da mai ita ya riga ya ƙirga a zuciyarsa ba. Irin albasa da ke cikin fangalin reno bai zama albasar da ke cikin rudu, wato ma'ajiyar albasa, ba, domin tsakaninsa da kasuwa akwai dashe, da taki, da watanni na ban-ruwa, da cutar ganye da ke iya kwantar da garka guda cikin kwanaki. Sannan akwai abin da kowa ya tsallake a gidanku: kin ce lambun na tarayya ne. In haka ne, rabin asarar ta mijinki ce, kuma Yaya ba zai karɓi kuɗin abin da ba nasa ba. Ki nemi a kira mutum biyu da suka san aikin garka, waɗanda ba danginku ba ne, tare da mai unguwa ko limamin gari, su shiga lambun su ƙirga fangalan da abin ya shafa su faɗi ƙima. Ina kyautata zaton adadin da za su faɗa ba zai kai ko kusa da awaki 4 ba, amma ko nawa suka faɗa, ki yi alkawari tun kafin su shiga cewa za ki karɓa.

A kuma yi wannan cikin makon nan, domin yayin da kuke gaba lokaci yana tafiya. Irin albasa yakan yi kamar mako 6 a fangali kafin dashe, sake zuba sabo yanzu zai jefa shukar cikin zafin bazara, amma a cikin Disamba ana samun masu rarar iri a fadama da ke sayarwa, kuma wanda aka dasa yanzu yana iya kamawa. Latas da alayyafo kuwa ba su da jinkiri. Kwana 10 da aka yi ana kumbura fuska sun fi awakin cin lambun nan.

Yanzu ga amsar tambayarki. Ƙin yarda a sayar da dukiyarki ba saɓa wa miji ba ne. Abin da mahaifiyarki ta ba ki naki ne, abin da ya haifa ma naki ne, aure bai mayar da shi na miji ba, kuma ci da sha da sutura da magani na gidan a kansa suke ko da kina da garke. Alƙur'ani ya halatta wa miji cin abin da matarsa ta ba shi da daɗin rai, kuma abin da aka karɓa bayan kwana 10 na ɗaure fuska ba shi ake kira daɗin rai ba. Ki riƙe wannan a zuciyarki don ki samu natsuwa, amma kada ki mayar da shi sanda. Matar da ta tsaya tsakar gida tana cewa "dukiyata ce" a gaban uwar miji ta faɗi gaskiya, sai dai za ta daɗe tana biyan kuɗin wannan gaskiyar.

Wani layi a wasiƙarki ya fi kowane tsaya mini, inda kika ce "ban da waɗanda aka sayar don suna da magani". Wato shekara 11 ke nan awakin nan suna rufa wa gidan asiri ba tare da kowa ya ƙirga ba. Jar akuyar Sakkwato, wadda mutanen Nijar ke kira ta Maraɗi, ba ƙaramar dabba ba ce. Fatarta ce fatake suka riƙa ɗauka suna ƙetare hamada da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma a cikin awakin ƙasarmu tana cikin masu nono da yawan tagwaye. Cikinta wata 5 ne, kamar kwana 150, kuma in tana ƙoshi tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2. Ko da kowace cikin matan nan 5 ɗa ɗaya ta ba ki a shekara, kina da 'ya'ya 5 ke nan, ban da rabin lita ko fiye da mai shayarwa ke bayarwa a rana in an kula da ita, wanda shi ne ya hana ki sayen madarar gwangwani. Wanda ya sayar da bunsuru ya sayar da dabba ɗaya, amma wanda ya sayar da uwa ya haɗa da duk 'ya'yan da ke bayanta. Don haka matan nan ba na kasuwa ba ne, a kan wannan kam ina tare da ke ba tare da wata inda-inda ba.

Sai dai ina so ki dubi mijinki da idon rahama, domin ban ga alamar mugu a cikin labarin da kika bayar ba, na ga mutumin da ya dawo da jirgi wayam ya tarar da wansa na jiransa da magana. Su a gulbin nan ba kamar na zamanin kakanninku ba ne. Tun da aka gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka kuma tare Rima a Goronyo a 1984, ambaliyar da ke malala cikin fadama kowace damina, inda tarwaɗa da karfasa da bargi ke shiga su yi ƙwai, ta daina zuwa yadda ta saba, wata shekara ta yi ƙaranci, wata shekara kuma a saki ruwa ya zo da hauka kamar na 2010 da ya cinye gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ga masu saka taru mai ƙananan idanu suna kwashe 'ya'yan kifi, ga sanyin hunturu da ke sa kifi ya lafe a ƙasa. Sannan kin fi ni sanin halin tsaro a gabashin jihar nan, da abin da ake ji kan hanyoyin Goronyo da Sabon Birni da Isa. Namiji ba kasafai yake iya buɗe baki ya ce wa matarsa yana tsoron hanya ba, ya fi masa sauƙi ya ce yana son inji. Mai yiwuwa abin da yake nema ke nan, ya zauna kusa da ku, kuma wannan buri ne da ya kamata ki taya shi.

Inda ya yi kuskure shi ne lissafi. Inji yana sauƙaƙa aikin da jigo da guga ke karya ƙugu a kai, amma ba ya haihuwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 manoman rani sun san cewa sayen injin shi ne ƙaramin kashe kuɗi, shayar da shi kowane zuwa ban-ruwa shi ne babba. In aka sayar da awaki duka aka sayi inji, ranar da fetur ya ƙare a tsakiyar rani, ko injin ya ƙi tashi albasa na fara ƙwai, me za a kai kasuwa a gyara shi? Lambun ma da kansa yana cin moriyar garken, domin kashin awaki da aka tara ya ruɓe shi ne takin da ke rage sayen na zamani, ganyen kabeji na waje da na karas da na dankali kuma su ne abincin awakin da rani. Gidan da ke da su da garka da kiwo yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku, kuma maigidanki yana shirin cire biyu lokaci guda ya ɗora tukunya a kan ɗaya.

Ga abin da nake ba ki shawara ki kai masa. Ki sayar da bunsuran nan 2, ki ba wani amintacce daga danginki ya kai su kasuwar Kara ko ta Achida, kada a kira dillali gida ya ga ana cikin matsi ya karya farashi. Ba asara ba ce, domin bunsurun da aka haifa a garke in ya daɗe yana hawan uwarsa da 'yan'uwansa 'ya'yan sukan fito ba ƙwari, warinsa kuma yana kama nono, ga shi ba a rasa na aro a gari. Daga kuɗin ki biya Yaya abin da masu ƙiyasi suka yanka, ki kuma ƙara masa da buhunan taki daga garken a kai har bakin fangali, wannan ba ya cikin bashi, na wanke zuciya ne. Abin da ya rage ki ba maigida rance ya haɗa da nasa, ko ya fara da hayar inji daga maƙwabtan garka a wannan ranin, ko su yi karo-karo da wansa tunda lambun nasu ne su biyu, kuma babu dalilin da zai sa injin mutum biyu ya fito daga turken mace ɗaya. Rancen a rubuta shi, da shaidu, da lokacin biya bayan an cire albasa. Kada ki ji kunyar wannan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma rubutun yana kare shi ne kamar yadda yake kare ki, ranar da wani zai ce ya cinye dukiyar matarsa.

Yadda za ki faɗa ya kusa fin abin da za ki faɗa. Kada ki tare shi yana shigowa, kuma kada a gaban yara. Ki bari bayan isha'i, ki kai masa abincin da kika san ba ya iya ƙi, ki zauna ƙasa kusa da tabarmarsa, ki fara da cewa, "Maigida, laifin daren nan nawa ne, ni ban duba igiya ba, kuma ni zan biya Yaya." Mutumin da ya yi kwana 10 yana tara hujjoji zai rasa inda zai ajiye su. Daga nan sai ki kawo maganar bunsuru da rance, ki kuma tambaye shi abin da ya gani a hanyar Goronyo, ki saurara har ya gama. Wan mijinki kuwa ki tafi gidansa da kanki da izinin maigida, ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce, "Yaya, na zo ban haƙuri, kuma na zo a faɗa mini abin da ke kaina." Ita Inna ba awakinki take ƙi ba, tsoro take kada 'ya'yanta biyu su raba garka a kan idonta, don haka ki kai mata ƙwaryar nono da safe kamar yadda kika saba, ki gaya mata an biya Yaya kafin ta ji a bakin wani.

Maganar igiya ta tuna mini da kaina. Ina amarya a gidan da ke da maƙwabci mai garkar tattasai, ina da wata akuya mai farin goshi da ta iya kwance ƙulli da haƙora, tana yi tana kallona. Wata asuba na fito alwala na ga turke da igiya kwance, ita kuma tana tsakiyar garkar mutumin tana tuƙa, cikinta ya kumbura kamar tulu. Abin da na biya bai dame ni ba kamar yadda matarsa ta yi shekara guda ba ta aiko mini da tuwon sallah ba. Tun daga ranar ban sake dogara da turke kaɗai ba, kuma ke ma kada ki dogara da shi, balle dangar kara da gara ta ci gindinta. Ki ware wani abu daga kuɗin bunsuran a yi miki ɗan ɗaki na laka a kusurwar gida, mai ƙyaure da sakata, da rufi saboda sanyi da ruwa, a riƙa share shi ana tara takin gefe. A gefen lambun kuma a yi shinge da ƙayar magarya ko bagaruwa yanzu, sannan a dasa aguwa ko bini-da-zugu, waɗanda akuya ba ta ci, su zama shinge mai rai.

Ki kuma sani cewa yunwa ce ta ture dangar nan. A Nuwamba ciyawa ta bushe, ƙamshin ɗanyen ganye na tasowa daga fadama, akuyar da ke shayarwa kuwa ba ta da haƙurin ciki. Ki ba su harawar wake ko ta gyaɗa da yamma kafin a kulle, da dusa da ɗan gishiri ko kanwa, a aiki yara su tsinto 'ya'yan gawo da ke zubowa da rani, a fifita masu nono a kan sauran. Ganyen lambu da aka yi wa feshi kwanan nan kada a ba su. In ma'aikatan dabbobi sun shigo allurar rigakafin cutar nan mai kawo majina da zawo ta kwashe garke cikin mako, allurar da ake haɗawa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, ki fitar da naki duka, domin mutuwar awaki 9 ba ta neman izinin kowa. Nonon da kike ba yara kuma ki riƙa tace shi ki tafasa, musamman in wata akuya ta taɓa ɓari, saboda akwai ciwon da ke bin ɗanyen nono ya kama mutum da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi.

In kin yi duk wannan ya dage sai an sayar da matan, kada ki yi yaji, kuma kada ki kwashe awakin cikin dare ki kai gidanku, domin hakan zai mayar da ke mai laifi a idon waɗanda da za su tsaya miki. Ki aika wa waliyyinki ya zo su zauna da limami da maigida da wansa, a karanta musu hukuncin a gabanki. In kuma kin ga alamar za a kama su a bayan idonki, to da sanin waliyyin naki ki ba da 2 kiwo wurin wata 'yar'uwa a kan sharaɗin raba 'ya'ya, kamar yadda aka saba. Ba na zaton za a kai nan. Yau dai kafin magariba ki aika a kira mai gini ya zo ya auna kusurwar da za a yi ɗakin, ki kuma sa babban yaronki ya kwana kusa da turken har a kafa ƙyauren. In an cire albasa a watan Maris ki sake rubuto mini, ina so in ji nawa masu ƙiyasin suka yanka, da kuma ko an sayi injin ko haya aka yi.